Goron Direba

Duk wanda ya taɓa bi ta layin 'yan kargo a unguwar Deira ta Dubai bai ji muryar Alhaji Maharazu ba, to ya je a duba masa kunne. Shagonsa bai fi ɗakin ajiye tsintsiya ba, tebur ɗaya, sikeli ɗaya, kujeru biyu, ɗayar ma a kan ƙafa uku take, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya haƙa tekun da kwantenoni ke bi. Shekararsa tara a Dubai yana tura wa mutanen Kano kaya, kuma a shekara taran nan ba a taɓa samun mahaluƙin da ya ƙarasa magana a gabansa ba. Kana farawa zai cafe, ya ƙarasa maka ita yadda ya ga dama, ya kuma ba ka amsa a kai. Matarsa ta fari da kanta ta tattara komatsanta ta koma Kano. Ta ce ba duka, ba zagi, ba yunwa, kunnenta ne kawai ya gaji.

To, duk lalacewar tuwo akwai mai cin sa. Akwai wata bazawara, Hajiya Barira, mai shagon abaya da turare a bayan kasuwar zinariya, mace mai hankali da nauyin baki, wadda Allah ya jarrabe ta da jin daɗin shirmen Maharazu. Ita ta ce yana da kyauta, yana da tausayi, kuma yana sa ta dariya. Shi kuwa son ta yake kamar ya haɗiye harshensa, abin da da ya yi da an huta. Shekara guda yana bin ta, ita kuma sharaɗinta ɗaya tak: sai mahaifinta ya gan shi ya ce ya yarda.

Ranar wata Alhamis ta leƙo shagonsa.

"Alhaji, Baba ya iso. An yi masa aikin ido jiya, yana gidana a Abu Hail, ranar Litinin zai koma. Ka san na gaya maka, in ya ce e, ni ma e. In kuwa ya girgiza kai, to ko a mafarki..."

"Ya ma ce e an gama! Me yake so? Agogo? Turare? Darduma 'yar Turkiyya?"

"Ba ya son komai. Abu ɗaya ya roƙa, a kai shi ya hau metro. Ka san shi da jirgin ƙasa, don shi tsohon..."

"Tsohon mutum ne, na sani! Tsofaffi da son kallo. Jirgin ƙasa? Haba Barira, ai an zo gidanmu. Ke ba ki san kakana ne ya tuƙo jirgin farko da ya shigo Kano ba?"

"Alhaji, ka saurara mana. Abin da Baba ya tsana a duniya shi ne mutum mai..."

"Mai rowa! Wa ke son marowaci? Ki bar min komai. Jibi Asabar, ƙarfe tara, tashar Abu Hail. Halas, shi ke nan!"

Barira ta dube shi, ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce Allah ya kai mu, ta fita tana girgiza kai.

Yanzu bari in gaya muku gaskiya, tunda shi ba zai faɗa ba. Kakan Maharazu rake yake sayarwa a bakin tasha, kuma ranar da jirgi ya fara yin jiniya a gabansa, a kan kuka aka sauko da shi. Shi kansa Maharazu bai taɓa sa ƙafa a jirgin ƙasa ba, ko na gida ko na nan. Tun ranar da ya sauka Dubai, matattakalar nan mai tafiya da kanta ta cafke masa gefen babbar riga a filin jirgi ta kusa tuɓe shi a bainar jama'a, ya yi rantsuwa shi da ita har abada. Tashoshin metro kuwa cike suke da ita. Saboda haka shekara tara yana bin bas da abra, kwalekwalen da ke tsallaka da mutane ruwan Khor, in an tambaye shi ya ce metro ta 'yan koyo ce.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a ya baje wata tsohuwar taswirar duniya a kan teburinsa. Taswirar ta sha ninki har ta gaji, kuma daidai tsakanin Saudiyya da Sudan ninkin ya manne da tsohon salatif, ƙasashen biyu suka haɗe kamar 'yan biyu. Ya ɗauki jan biro da marfin kwali, ya ja layi santal daga Dubai har Kano.

Maƙwabcinsa Alhaji Nasrullahi, mai shagon kayan waya, wanda ba abin da ya fi so a duniya irin ya zuga Maharazu ya koma gefe, ya shigo yana sakace.

"Sarkin Dogo, me ake zanawa?"

"Abin da zan nuna wa surukina. Layin dogo daga Deira har Kantin Kwari. Ka loda kaya da hantsi, jibi yana Kano. Ba kwantena, ba teku, ba kwana arba'in."

"To ruwan fa?"

"Wane ruwa?"

"Bahar Maliya. Tsakanin Asiya da Afirka."

Maharazu ya yi dariya har da buga tebur. "Kai dai ka tsaya a caja da batir. Wa ya ce maka a Asiya muke? Asiya ai ta 'yan Cana ce. Nahiyoyi biyar ne a duniya: Afirka, Turai, Amurka, Cana, sai ta Larabawa, wadda muke ciki."

"Mu bakwai aka koya mana."

"An ƙara ne daga baya, don a wahalar da yara a jarrabawa. Bahar Maliya kuwa da kake ta zuzutawa, ba ga shi nan bayan kasuwa ba? Ruwan Khor ɗin nan da abra ke tsallakawa, ai wutsiyarsa ce. Kana haye shi ka taka bakin Afirka."

"Wato in na haye ruwan na je Bur Dubai sayen tsaraba, gida na je?"

"Ka taka zaure dai."

Nasrullahi ya ciji leɓe. "To amma ka san metron nan ba ta da..."

"Ba ta da hayaƙi, na sani! Lantarki ne. Direbanta ma aminina ne, Abu Salim, wani dogon Balarabe mai saje. Gobe zan kai masa goro a gaban Baba, ka san al'adarmu ta 'yan reluwe, ba a hawa jirgi ba a gaida direba ba."

Nasrullahi ya fita da sauri kada dariya ta tona shi. Kafin la'asar ya rufe zancen buɗe shago gobe, ya kuma kira Hajiya Murjanatu, maƙwabciyar Barira, wadda wayarta ba ta barin hannunta, ya ce ta yi caji sosai.

Asabar da safe Maharazu ya iso tashar Abu Hail cikin shadda mai ruwan zuma ta sha guga har tana ƙara, hula zanna a karkace, taswira a hammata, ƙunshin goro fari ƙal a hannu. Ya tarar da Barira da mahaifinta a ƙasa, Nasrullahi da Murjanatu na gefe. Baba Ɗalhatu ɗan siririn tsoho ne mai farin gemu, an rufe masa ido ɗaya da auduga, yana dogare da sanda. Maharazu ya zube ya kwashi gaisuwa, ya tambayi ido, ya amsa wa kansa cewa da sauƙi, ya tambayi mutanen gida, ya amsa cewa suna lafiya. Tsoho bai ce komai ba sai "To, to. Madalla."

Barira ta kama hannun mahaifinta suka nufi lifta. Maharazu ya yi hamdala a zuci ya bi bayansu, sai Nasrullahi ya riƙo masa hannun riga.

"Haba Sarkin Dogo, lifta ai ta marasa lafiya ce. Jikan direba guda?"

Ya faɗa da ƙarfi yadda Baba zai ji. Maharazu ya tattare babbar riga har ƙirji, ya runtse ido, ya yi bisimilla, ya afka wa matattakala. Ashe mai saukowa ya afka wa. Ya taka, ta dawo da shi. Ya ƙara takawa, ta ƙara dawo da shi. Ya sa gudu, gumi na tsiyaya, yana nan dai a hawa na huɗu, mutane na saukowa suna kauce masa, wani Ba'indiye yana ta nuna masa ta gefe yana cewa, "Habibi, can, can!"

"Na sani!" in ji Maharazu yana haki. "Motsa jini nake! Haka 'yan reluwe ke yi kafin aiki!"

Murjanatu ta riga ta ɗaga waya. Da ƙyar aka raba shi da matattakalar aka ɗora shi a kan mai hawa, ya ƙanƙame robar gefe da hannu biyu, goro a baki ya ciji ƙunshin. A sama Barira ta miƙa masa katin shiga, irin na taragon gaba mai kujerun laushi da ta saya saboda gwiwar Baba. Kowa ya ɗora nasa ƙofa ta buɗe. Maharazu ya ɗaga nasa ya nuna wa ƙofar kamar mai nuna fasfo, ya jira. Sai da Barira ta kama hannunsa ta manna katin, ya wuce, ƙofar ta rufe da bayan rigarsa. Ya fizgo, shadda ta ce ƙiii.

"Iska ce take shiga," ya ce. "Da gangan tela ya bar wurin."

Da suka tsaya jiran jirgi sai ransa ya dawo, bakinsa ma ya dawo. Ya gyara tsayuwa a gaban tsoho.

"Baba, ka ga jirgin ƙasan nan, asalinsa daga butar shayi ne. Wani Bature ne a Jamus, can cikin Amurka..."

"Ingila dai," in ji Nasrullahi. "A Turai."

"Duk unguwa ɗaya ce. Ya ga tururi na ɗaga marfi, ya ce to bari in sa mata taya. Daga nan aka ɗauko jirgin farko aka kawo Kano, aka rasa mai ƙarfin halin tuƙawa sai kakana."

"Ikon Allah," in ji Baba Ɗalhatu. "Ta ina aka biyo da shi?"

"Ta Agadas. Raƙuma ɗari uku suka jawo shi."

"To, to. Da me yake tafiya a lokacin?"

"Man gyaɗa. Shi ya sa aka tara dalar gyaɗa a kusa da tasha."

Barira ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Tsoho ya shafa gemu. "In zai tsaya fa, yaya kakan naka yake yi?"

"Linzami ne da shi, Baba, na ƙarfe. Ka ja, ka ce masa ya isa."

Bai bar shi haka ba, ya warware taswira ya nuna jan layinsa, ya ce in Allah ya yarda ranar ɗaurin aure a jirginsa za a kawo 'yan biki daga Kano. Baba ya kawo taswirar kusa da idonsa mai lafiya, ya dube ta tsaf, ya shafa wurin salatif ɗin da babban yatsa, ya mayar masa bai ce uffan ba. Maharazu ya ɗauka sha'awa ce ta hana shi magana, ya kashe wa Barira ido.

Jirgi ya iso shiru kamar mage. Barira ta shigar da Baba ta ƙofar gaba. Maharazu, da yake ya tsaya leƙen tagar direba yana ɗaga wa gilashi hannu, sai da ƙararrawa ta fara kuka sannan ya faɗa ƙofar da ta fi kusa. Ya ɗago kai ya ga mata zalla, kowacce ta zuba masa ido.

"Lale da Hajiya Maharazu!" in ji Murjanatu daga bayan wayarta. "Yaushe aka yi wannan canji ba mu sha biki ba?"

Wata ma'aikaciyar jirgi ta zo cikin ladabi ta nuna masa alamar da ke ƙasa, ta ce nan ɓangaren mata da yara ne.

"Duba lafiyar tarago nake," ya ce. "Ƙalau yake. Ku ci gaba."

Ya tura ƙofar da ke tsakani ya shiga gaba. Nasrullahi na zaune ya harɗe ƙafa. Baba na kujerar farko, ya jingina haɓa a kan sanda, yana kallon dogo ta gilashi, fuskarsa ta yi wani irin laushi. Maharazu ya gyara hula, ya ɗaga ƙunshin goro da hannu biyu, ya taka har ƙuryar jirgi, ya rangaɗa sallama yadda kowa zai ji.

"Salamu alaikum, ya Abu Salim! Ga goron direba!"

Ba kowa. Babu kujera, babu sitiyari, babu Balarabe mai saje. Gilashi ne ƙato, sai ƙarfen riƙewa, sai dogo na shigowa ƙarƙashin ƙafarsa a guje. Gefe ɗaya wani ɗan Pakistan yana ɗaukar hoto.

"Kai ne direba?"

Mutumin ya girgiza kai, ya ce shi tela ne.

Maharazu ya leƙa ƙarƙashin taga. Ya ƙwanƙwasa bango. Ya juyo yana murmushin da bai kai ido ba. "Ya zaga bayi ne. Haka yake, shayi ya yi masa yawa."

"Ya bar jirgi na tafiya?" in ji Nasrullahi.

"Ya san ina ciki."

Aka tsaya tasha ɗaya aka tashi, Abu Salim bai dawo ba. Maharazu ya fara karanta abin da ya sawwaƙa a ƙasan maƙoshi. Can sai ya ga dogo ya fara gangarawa, gaba kuma wani baƙin rami ya buɗe baki, jirgi ya nufe shi kai tsaye ba ko rage gudu. Nan fa jikan direba ya watsar da girma.

"Innalillahi! Direba ya faɗi! Jama'a, direba ya faɗi a hanya!"

Ya maƙale goro a hammata, ya cafki ƙarfen riƙewa da hannu biyu, ya kafa ƙafa a bango, ya ja da baya iya ƙarfinsa, yana ihu, "Ya isa! Ya isa, don iyayenka!" Hula ta faɗi. Duhu ya rufe su. Sai ga haske, jirgi ya lafa, ya tsaya cak a tashar Salahuddin kamar yadda yake yi kullum tun da aka gina ta.

Maharazu ya dubi hannayensa. Ya dubi jama'a. Wallahi sai ya yarda.

"Kun gani? Kun gani ko? Jini ba ya ƙarya! Baba, da ba na nan da yanzu sai dai labari. Kowa ya fita a hankali, mata su fara..."

Ƙofa ta rufe, jirgi ya tashi, ya tafi da baya ya zauna daɓas a cinyar telan Pakistan.

"Linzamin ya kwance, Sarkin Dogo," in ji Nasrullahi yana share hawaye.

Ya sake cafkar ƙarfe. A tashar Union jirgi ya tsaya, ya ce ga shi nan ya kama. Jirgi ya tashi, ya ce taurin kai ne da shi irin na jakin Kano. A Baniyas ya tsaya. A kasuwar zinariya ya tsaya. Kowace tasha Maharazu na jan ƙarfe, jijiyar wuya ta fito raɗau, kowace tasha sabbin mutane na shigowa su tarar da ƙato cikin yagaggiyar shadda yana kokawa da bango. Mata sun cika bakin ƙofar tsakani, Murjanatu a sahun gaba. Barira ta ce, "Alhaji, don girman Allah ka zauna, jirgin nan dama can ba shi da..."

"Ba shi da birki! Na gano tun ɗazu! Ki riƙe Baba!"

Suna barin tashar Al Ras Nasrullahi ya matso kusa da kunnensa, ya ce a hankali, "To ka ƙara ƙarfi, don yanzu za mu shiga ƙarƙashin ruwa."

"Wane ruwa?"

"Khor mana. Wutsiyar Bahar Maliya, in ji ka."

Ƙarya mugun abu ce, in ka daɗe kana kiwon ta kai za ta fara ci. Maharazu ya manta shi ya ƙirƙiro zancen jiya a kan teburinsa. Idonsa ya firfito.

"Bahar Maliya? Wanda ya haɗiye Fir'auna da dawakinsa? Ba direba? La'ilaha illallahu!"

Ya saki ƙarfe ya daka tsalle kan wani maɓalli da ya gani a bango, na kiran ma'aikata, ya danna ya ƙi saki, yana zuba Hausa da Larabci da Turanci a tukunya ɗaya: "Ya jama'a! Direba mafi, babu shi! Direba ya mutu! Teku a samanmu! Ku tsayar, mu ba mu shirya shiga Afirka ba!" Sannan ya juya ya rungumi Baba Ɗalhatu yana neman saɓa shi a kafaɗa, wai zai cece shi. Tsoho ya ɗan ɗaga sanda ya ɗora masa a tsakiyar ƙirji, ya tura shi baya da ita a hankali.

"Sake ni, ɗan nan. Ka tare min dogo."

A tashar Al Ghubaiba, hayin ruwa, wani jami'in tasha da ma'aikata biyu na jiran su. Aka fito da su gaba ɗaya. Jama'a suka kewaye, har da wasu 'yan kasuwar Kano uku da suka gane Maharazu suka fasa shiga jirgi. Jami'in ya saurari hayaniyarsa har ta lafa, sannan ya yi bayani cikin natsuwa, Nasrullahi na fassarawa da ƙarfi yana ƙara gishiri: jirgin nan ba shi da direba, bai taɓa yi ba tun da aka buɗe metro a 2009, daga wani ɗaki ake lura da shi. Ƙarfen da Alhaji ya yi ta ja kuwa na riƙewa ne kada mutum ya faɗi. Kuma nan ba Afirka ba ce, Bur Dubai ce, cikin Asiya, kamar can hayin. Ya ƙara da cewa danna maɓallin nan ba dalili laifi ne mai hukunci.

Sai Baba Ɗalhatu ya matso. Ya yi wa jami'in magana da wani tsohon Turanci tsaf tsaf, irin na mutanen da, ya ba shi haƙuri. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro wani hoto da ya yi ja don tsufa. Maharazu ya miƙa wuya. Saurayi ne siriri cikin kakin aiki, ya leƙo ta tagar wani ƙaton kan jirgi, hannunsa a kan ƙarfen birki. Jami'in ya dubi hoto, ya dubi tsoho, ya haɗe ƙafa ya sara masa. Ya ce saboda darajar wannan dattijo an yafe, amma kada a kuma.

"Abin da nake ta son gaya maka ke nan tun ranar Alhamis," in ji Barira cikin takaici. "Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne. Shekara talatin da ɗaya."

Maharazu ya kai hannu bayansa. Ya ji inda rigarsa ta yage yana shan iska.

Tsoho ya zare taswirar daga hammatar Maharazu, ya sa farce ya ɓanɓare salatif, ya buɗe ninkin. Sai ga shuɗin ruwa dogo ya fito tsakanin Saudiyya da Sudan, jan layin Maharazu ya rabu gida biyu.

"Ga Bahar Maliya nan, ɗana. Ninke shi ka yi, bai ƙafe ba. Nan Asiya, nan Afirka, da ido ɗaya ma na gani. Jirgin ƙasa kuwa a Ingila ya fara jan kwal da mutane, shekara ɗari biyu ke nan. A Afirka Masar ce ta fara. Namu daga Baro aka shimfiɗo shi, bakin kogin Kwara, mutane suka haƙa da diga da kwando, wasu ba su koma gida ba, ya iso Kano a 1911. Kwal yake ci da ruwa. Na shaƙi hayaƙinsa ina yaron direba kafin a kawo na dizal." Ya ninke taswirar ya miƙa masa. "Na ga jirgi ya kauce, na ga ya take shanu. Amma sai yau na ga jirgin da ba direba, da mutumin da ba birki. Shi jirgin ya san tasha."

'Yan Kano uku suka kwashe da dariya, ɗaya har da riƙe bango.

"Goron nan na direba ka ce ko?" in ji tsoho. "To kawo. Duk jirgin nan ni kaɗai ne."

Maharazu ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Baba ya kwance ƙunshin, ya zaɓi guda, ya jujjuya shi, ya jefa aljihu. Ya dubi 'yarsa. Ya ga idonta ya kawo ruwa, ya gane duk da wannan abin kunya ba ta fitar da rai ba. Ya yi ajiyar zuciya.

"Barira ta ce min kana da kirki. Na kuma ga da ka zaci mutuwa ce, ni ka fara runguma, ba ƙofa ka nufa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka zan ba ka dama ɗaya, ɗaya tak. In har ka iya..."

"Na iya! Wallahi na iya, Baba! Ko mene ne! Ai mu a gidanmu, tun kakana..."

Barira ta rufe fuska da mayafi. Murjanatu ta sauke wayarta. Nasrullahi kansa, da ya wuni yana zuga, sai da ya ce, "Kash!"

Tsoho ya jira har Maharazu ya ji shirun da ya kewaye shi ya tsaya da kansa.

"...ka iya yin shiru har in kai ƙarshen maganar nan, na ba ka ita. Abin da zan ce ke nan."

Jirgin komawa ya iso. Barira ta kama hannun mahaifinta suka shiga, ba ta waiwayo ba. Baba Ɗalhatu ya nufi gilashi ya zauna, ƙunshin goro a cinya, ya jingina haɓa a kan sandarsa. Nasrullahi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sarkin Dogo, za ka zo, ko ka zauna a Afirka tunda ka riga ka iso gida?"

Maharazu na durƙushe inda yake, taswira a hannu, baki a buɗe. Karo na farko a shekara tara wani ya yi masa magana tun daga farko har ƙarshe bai katse ba. Ƙofa ta rufe, jirgi ya tafi da ita.

A abra ya koma Deira, ya dafe bayan riga da hannu ɗaya. Mai kwalekwalen, wanda ya saba da shi, da ya ga an kusa hayewa bai ji muryarsa ba, ya tambaye shi ko ba shi da lafiya ne.